Kuɗin Wuta da Ƙuri'ar Zango: Nima, Maamobi da Siyasar Makamashi a Gana

Gabatarwa

Ranar 7 ga Disamba, 2016, mutanen Gana suka yi abin da ba su taɓa yi ba tun da ƙasar ta koma mulkin farar hula a 1992, wato suka kayar da shugaba mai ci. John Dramani Mahama na jam'iyyar NDC ya samu kimanin kashi 44 cikin ɗari na ƙuri'u, Nana Akufo-Addo na NPP kuwa ya samu kusan kashi 54. Wanda ya dubi alƙaluman da kyau zai ga wani abin lura. Ƙuri'un Akufo-Addo sun ƙaru da kimanin rabin miliyan a kan na 2012, amma na Mahama sun ragu da kimanin dubu 800. Ke nan da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓe shi a karon farko ba su koma ɗaya ɓangaren ba, zamansu kawai suka yi a gida.

Wannan takarda za ta bi diddigin ɗaya daga cikin dalilan hakan, wato yadda masu ba Gana rance da tallafi daga ƙetare suka daɗe da samun bakin magana a kan farashin wutar lantarki da na man fetur, da yadda wannan ya riƙa shiga tsakanin jam'iyya mai mulki da magoya bayanta. Za mu kalli lamarin daga unguwannin zango na birnin Ankara, musamman Nima da Maamobi. Ɗalibi ya lura, Ankara shi ne sunan da Hausawa suka daɗe suna kiran babban birnin Gana da shi, kada a haɗa shi da na ƙasar Turkiyya.

Zango da ƙuri'arsa

Asalin kalmar zango shi ne wurin da ayarin fatake ke sauka su kwana. Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja shi ya kafa zangunan farko, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa Kumasi, Kete-Krachi, Ankara da sauran garuruwa. A bakin mutanen Gana kalmar ta koma "zongo". Nima ba ta cikin tsofaffin zangunan Ankara, don ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, sa'ad da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai harkar shanu, ya karɓi fili daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga. Ta cika ta batse a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, ta haɗe da Maamobi. Mazauna wurin ba Hausawa ba ne zalla. Akwai Mosawa, Zabarmawa, Dagomba, Kotokoli, Fulani, Yarabawa, Wangarawa da wasunsu, amma Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da tsakar gida.

Siyasar zango tana da tabo guda wanda har yau bai gama warkewa ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, cikinsu har da waɗanda a Gana aka haife su. An sayar da gidaje da shaguna da araha, iyalai suka rabu. Da yake NPP ta fito ne daga zuriyar siyasar Danquah da Busia, sai ta gaji wannan laifi. NDC kuwa ta gaji farin jinin Jerry John Rawlings a wurin talakawan birni, kuma daga baya ta ayyana kanta a matsayin jam'iyyar da ke fifita walwalar talaka. Saboda haka tun 1992 zango ya zama rumbun ƙuri'un NDC. Ko a Kumasi, cibiyar NPP, mazaɓar Asawase mai zanguna da yawa tana hannun NDC. Wani abin ban sha'awa shi ne gidan Akufo-Addo na kansa a bakin Nima yake, amma maƙwabtakar ba ta taɓa ba jam'iyyarsa kujerar mazaɓar Ayawaso ta Gabas ba.

NPP ta san da wannan rauni. Ta kafa wani reshe na musamman domin zango, ta raɗa masa suna da Hausa, wato Nasara, kuma John Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama ya zama mataimakinsa daga 2001 zuwa 2009.

Daga Akosombo zuwa zanga-zangar Wahala

Hannun baƙi a wutar Gana ya fara ne tun daga tushe. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a Janairun 1966, an gina ta da kuɗin Gana da rancen Bankin Duniya da na Amurka da na Ingila. Masu rancen ba su yarda ba sai da aka samu babban mai sayen wutar, shi ne masana'antar narka sanholo ta Valco da ke Tema, mallakar kamfanonin Amurka ƙarƙashin jagorancin Kaiser. An ba Valco kaso mafi tsoka na wutar a farashi mai rahusa ƙwarai, na tsawon shekara 30. Gwamnatin Rawlings ce ta sake tattauna yarjejeniyar a tsakiyar shekarun 1980.

Wannan gwamnati ta Rawlings, wadda ta zo da kirarin juyin juya hali, ita ce kuma ta rungumi shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, a 1983, a ƙarƙashin sakataren kuɗi Dokta Kwesi Botchwey. Muddin mulkin soja ake yi, babu akwatin zaɓen da za a ji tsoro. Da aka koma dimokuraɗiyya sai lissafi ya canja. A Mayun 1995 aka yi zanga-zangar Kume Preko a kan sabon harajin kayan masarufi, aka rasa rayuka, gwamnati ta janye harajin. Akufo-Addo yana cikin jagororin wannan zanga-zanga.

A daidai wannan lokaci Gana tana neman rancen Bankin Duniya don gina tashar wuta mai amfani da mai a Aboadze kusa da Takoradi, domin fari ya nuna cewa dogaro da Akosombo kaɗai ba zai yiwu ba. Bankin ya ce sai an yi wa ɓangaren wuta garambawul, kuma sai farashi ya biya kuɗin da ake kashewa. A 1997 aka sanar da ƙarin kusan kashi 300 cikin ɗari. Jama'a suka yi ca, Rawlings ya dakatar da shi. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa hukumar ƙayyade farashin wuta da ruwa mai zaman kanta, wadda ake kira PURC. Manufar ita ce a raba farashi da siyasa. Amma mai jefa ƙuri'a bai taɓa yarda da wannan rabuwa ba. A ganinsa duk wanda ke fadar shugaban ƙasa shi ya ƙara kuɗin wuta, kuma ba za a ce ya yi kuskure gaba ɗaya ba, tun da shugaban ne ke naɗa 'yan hukumar.

A shekarar zaɓe ta 2000 gwamnatin NDC ta danne farashin mai duk da tashinsa a kasuwar duniya da faɗuwar darajar sidi. Bashi ya taru a kan matatar mai ta Tema, kuma duk da haka jam'iyyar ta faɗi. Kufuor ya shigar da Gana shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi a 2001, ya ƙara kuɗin mai da sama da kashi 60 cikin ɗari a Fabrairun wannan shekara, ya kusa ninka shi a Janairun 2003, ya sake ƙara kashi 50 a Fabrairun 2005. A nan ne 'yan adawa, har da Farfesa John Atta Mills na NDC, suka fito kan titi. Sunan da suka ba jerin zanga-zangar tasu kalmar Hausa ce da ta shiga bakin kowa a Gana: Wahala. Ɗalibin harshe zai lura cewa manyan jam'iyyun biyu sun ari Hausa, ɗaya ta ɗauki nasara, ɗaya ta ɗauki wahala.

Ya kamata a yi wa gwamnatin Kufuor adalci a nan. Kafin ƙarin 2005 an yi bincike wanda ya nuna cewa masu hali su suka fi cin moriyar tallafin mai, aka yaɗa sakamakon, aka kuma haɗa ƙarin da soke kuɗin makarantun firamare na gwamnati da ƙara motocin safa na birni. Talaka ya ga an karɓa da hannun dama an ba shi wani abu da hagu. Amma abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne alkawarin da NDC ta ɗauka a kan titi a wancan lokaci. Ta ce wa magoya bayanta tsadar mai da wuta zalunci ne, kuma Atta Mills ya shiga zaɓen 2008 da alkawarin rage kuɗin mai. Ya ci da ratar da ba ta wuce ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai ba. A Yulin 2009 gwamnatinsa ta shiga sabon shiri da IMF, a Yunin 2010 kuma PURC ta sanar da ƙarin kashi 89 a kan wuta.

Shekarun dumsor

Atta Mills ya rasu a Yulin 2012, mataimakinsa Mahama ya gaje shi. Mahama ɗan Bole ne a ƙasar Gwanja, yana jin Hausa, kuma zango ya ɗauke shi ɗan gida. Wata guda da hawansa, a Agustan 2012, ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun da ke kawo iskar gas daga Nijeriya, a gaɓar tekun Togo. Gas ya yanke kusan shekara guda, tashar Sunon Asogli da ke Tema ta tsaya. Ruwan Akosombo ya yi ƙasa. Kamfanonin wuta na gwamnati ba su da kuɗin sayen ɗanyen mai, saboda bashin da suke bin juna da wanda suke bin ma'aikatun gwamnati. Daga nan aka shiga abin da mutanen Gana suka kira dumsor, kalmar da aka haɗa daga kalmomin Twi guda biyu masu nufin kashe da kunna. A farkon 2015 jadawalin ya kai ga a ɗauke wuta sa'a 24, a kawo ta sa'a 12.

Babu wanda zai ce masu ba da rance ne suka kawo dumsor. Abin da ya faru shi ne ƙarancin wutar da karyewar sidi a 2014 sun kai gwamnati ƙofar masu kuɗi a lokacin da ba ta da ƙarfin ciniki. Ƙofofin biyu ne. Ta farko ita ce hukumar MCC ta gwamnatin Amurka. A Agustan 2014, a birnin Washington, aka sa hannu kan yarjejeniyar kyautar dala miliyan 498 domin gyara ɓangaren wuta. Kyauta ce, ba rance ba, amma tana da sharuɗɗa: farashi ya riƙa biyan kuɗin da ake kashewa, gwamnati ta biya bashin da kamfanin rarraba wuta na ECG yake bin ta, sannan a miƙa tafiyar da ECG ga 'yan kasuwa na tsawon shekaru. Dala miliyan 190 daga cikin kuɗin ba za su fito ba sai an cika sharuɗɗan. Ƙofa ta biyu ita ce IMF, wanda ya amince da rancen kimanin dala miliyan 918 a Afrilun 2015. Shi ma ya nemi a cire tallafin makamashi, a kuma taƙaita ɗaukar ma'aikata. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Askin bai zo da sauƙi ba. Tun a Oktoban 2013 an sanar da ƙarin kashi 78.9 a kan wuta, sai da ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki aka rage. A tsakiyar 2015 gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa farashin fetur. A Disamban 2015 PURC ta ƙara kashi 59.2 a kan wuta da kashi 67.2 a kan ruwa. Kafin watan ya ƙare majalisa ta zartar da dokar harajin makamashi, wadda ta ɗora sababbin haraji a kan litar mai da kan takardar kuɗin wuta domin biyan tsofaffin basussuka. Wannan ya zo a lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a duniya, direban trotro yana jin haka a rediyo, amma yana ganin akasinsa a gidan mai. A Janairun 2016 ma'aikata suka cika titunan Ankara da sauran manyan birane, gwamnati ta ɗan sassauta wa masu amfani da wuta kaɗan.

A nan ya dace mu dakata mu dubi yadda irin wannan ƙari yake sauka a Nima, don a nan ne lissafin ofis da rayuwar unguwa suke rabuwa. Tsarin farashin wuta a Gana hawa-hawa ne. A wancan lokaci mai amfani da abin da bai wuce awo 50 a wata ba yana biyan farashi mai rahusa, wanda aka tanada domin talaka. Da ya haura sai farashin kowane awo ya tashi, idan ya haura 300 ya sake tashi. A takarda wannan tsari yana kare mai ƙaramin ƙarfi. To amma yawancin mutanen Nima da Maamobi a gidajen haya suke, inda iyalai da yawa ke zagaye da tsakar gida ɗaya, sau da yawa kuma mita ɗaya ce ta haɗa su. A ɗauki misali: gida mai ɗaki 12, kowane ɗaki yana da ƙwan fitila biyu da fanka da talabijin, yana cin awo 30 a wata. Kowane iyali shi kaɗai ya cancanci rahusa. Amma mita ba ta san iyali ba, abin da ta gani shi ne awo 360, sai ta yi wa gidan farashin mai firji uku da na'urar sanyaya ɗaki. Wato tsarin da aka yi domin talaka ya tsallake talakan da ya fi kowa cunkoso. Samun mita ta daban kuwa yana bukatar yardar mai gida da kuɗi da zirga-zirga.

Sannan ga rigimar rabon kuɗin. Wa zai biya nawa? Ana lissafi da yawan ƙwai da soket, ana zargin mai dutsen guga da mai hita. Da aka sanya mita mai kati, wadda ke yanke wuta da kanta in kuɗi ya ƙare, sai aka rasa ɗan jinkirin da a da ake samu a roƙi ma'aikaci ko a biya rabi. Kuma zango ba wurin kwana ba ne kawai, wurin sana'a ne. Tela a cikin azumi, ana sauran kwana goma salla, da ɗinkin mutane jibge a gabansa, ba ya iya jiran sa'a 24. Haka mai walda, mai aski, mai injin niƙa da masu koko da waakye suke dogaro da shi tun da asuba, mai sayar da ƙanƙara da ruwan leda, mai ajiye kifi da kaji a gidan sanyi. Mai ɗan hali ya sayi janareta, sai ya tarar da sabon haraji yana jiransa a kan fetur. Ya biya a wurin wutar da ba ta zo ba, ya biya a wurin man da ya maye gurbinta.

Hujjar masu ba da tallafi tana da ƙarfi, kuma bai kamata ɗalibi ya yi watsi da ita ba. ECG yana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da yake saye, ta hanyar tsofaffin wayoyi da satar wuta da rashin karɓar kuɗi. Kamfanin da ke sayar da kaya ƙasa da yadda ya saya ba zai iya gyara tiransifoma ba, balle ya biya mai samar da wutar. Tallafin bai-ɗaya kuma mai gidan bene a East Legon ya fi cin gajiyarsa a kan mai ɗaki ɗaya a Maamobi. Inda aka yi tuntuɓe, a ganina, shi ne jeri da lokaci. An nemi mutane su biya cikakken farashi tun kafin su ga wuta tsayayya, bayan shekara uku suna cikin duhu, kuma saura shekara ɗaya zaɓe. Jadawalin mai rance yana tafiya ne da zagayen bitar da jami'ansa ke yi duk bayan 'yan watanni. Bai san ranar zaɓe ba, ko kuma ya sani bai dame shi ba, tun da sunansa ba ya kan takardar ƙuri'a.

Gwamnati ma ta ƙara wa kanta. Cikin gaggawa ta ƙulla yarjejeniyoyin wuta masu tsada, irin su jirgin wutar Karpowership na Turkiyya da injinan AMERI na dala miliyan 510, da sharaɗin a biya ko an yi amfani da wutar ko ba a yi ba. Waɗannan ba IMF ya sa ta ba. Ministan wuta Dokta Kwabena Donkor ya yi alkawarin zai sauka in dumsor bai ƙare a 2015 ba, kuma ya sauka a ƙarshen Disamba. Sai kuma harshe. A Maris na 2015, yana yi wa 'yan Gana mazauna Botswana jawabi, Mahama ya kwatanta kansa da mataccen akuya wanda ba ya tsoron wuƙa, yana nufin yajin aiki da zanga-zanga sun daina razana shi. Mai goyon bayan da ya yi tattakin Wahala shekara goma da suka wuce ya ji wannan magana da kunnensa. Batun miƙa ECG kuwa ya haɗa jam'iyyar faɗa da ƙungiyoyin ƙwadago, ma'aikatan kamfanin suka riƙa rufe ofisoshi a 2016, yarjejeniyar MCC kuma ta fara aiki a Satumba, wata uku kafin zaɓe.

Abin da akwati ya nuna

Nima da Maamobi ba su juya wa NDC baya ba. Naser Toure Mahama ya riƙe kujerar Ayawaso ta Gabas, Yussif Jajah ya ci ta Ayawaso ta Arewa. Tunanin 1969 ya fi kuɗin wuta nauyi a waɗannan unguwanni. Amma jam'iyya ba ta dogara da rumbunta don ya ba ta kujera ɗaya kawai, tana dogara da shi don ya ba ta rarar da za ta cike giɓin wasu wurare. Magoyin bayan da ba zai iya dangwala wa giwar NPP ba yana da wata hanyar nuna fushi, ita ce ya ƙi fita. Yawan masu fita zaɓe a ƙasar ya sauko daga kusan kashi 80 a 2012 zuwa ƙasa da kashi 70 a 2016, kuma saukar ta yi tsanani a jihar Volta, babban rumbun NDC. Jihar Ankara, wadda Mahama ya ci a 2012, ta kuɓuce masa.

A mazaɓun da zango yake gauraye da wasu unguwanni kuwa kujeru sun tafi. A Madina, mai babban zango, Alhaji Boniface Abubakar Saddique na NPP ya kayar da Alhaji Amadu Sorogho wanda ya riƙe kujerar tun 2005. Ablekuma ta Tsakiya, inda Sabon Zango yake, ita ma ta koma NPP. A majalisa NPP ta samu kujera 169, NDC ta tsira da 106.

Kuskure ne a ɗora wannan duka a kan wuta. Akwai zarge-zargen cin hanci, akwai soke alawus na ɗaliban koyon aikin jinya da na malanta, akwai matasan da suka gama karatu ba aiki. NPP kuma ta zo da alkawarin sakandare kyauta da asusu na musamman domin raya zango, tare da Dokta Mahamudu Bawumia, Musulmi ɗan Arewa, a matsayin mataimaki. Amma kuɗin wuta ya bambanta da sauran ƙorafe-ƙorafe ta fuska ɗaya: yana zuwa kowane wata, da lamba a rubuce, ba ya bukatar ɗan jarida ya fassara shi. Da NDC ta kafa kwamitin binciken faɗuwarta, wanda ta ba shugabancinsa shi ne Kwesi Botchwey, mutumin da ya fara kai Gana ga IMF a zamanin Rawlings. Cikin shawarwarin da kwamitin ya bayar a 2017 har da cewa jam'iyyar ta koma ga tushenta na kula da talaka.

Juyi ya zo kan NPP

Akufo-Addo ya cika wasu alkawuran. A 2017 ya kafa ma'aikatar raya zango, ya ba Boniface Saddique, aka kuma yi dokar asusun raya zango. A Maris na 2018 aka rage wa gidaje kuɗin wuta da kashi 17.5. Yarjejeniyar ECG ba a soke ta ba, an dai gyara ta: aka rage wa'adin daga shekara 25 zuwa 20, aka ce 'yan ƙasa su riƙe kashi 51. Kamfanin PDS, wanda Meralco na ƙasar Filifin yake ciki, ya karɓi aiki a ranar 1 ga Maris, 2019. A ƙarshen Yuli aka dakatar da shi saboda an gano takardun lamunin da ya gabatar ba su inganta ba, a Oktoba aka soke yarjejeniyar. Amurka ta janye dala miliyan 190 ɗin. Abin da aka ɓata shekara biyar ana jayayya a kansa bai yi wata takwas ba. A zaɓen 2020 Madina da Ablekuma ta Tsakiya suka koma NDC, a 2021 kuma aka rushe ma'aikatar zangon.

A Yulin 2022 gwamnatin da ta yi ta kirarin raba Gana da dogaro da agaji ta koma wurin IMF. Hauhawar farashi ta haura kashi 54 a Disamban wannan shekara. Kuɗin wuta ya tashi da kashi 27 a Satumban 2022, da kusan kashi 30 a Fabrairun 2023, da kashi 18 a Yuni, wata guda bayan IMF ya amince da rancen dala biliyan 3. Awon rahusar talaka ma an rage shi daga 50 zuwa 30. A Janairun 2024 aka nemi ɗora harajin kashi 15 a kan wutar gidaje, ƙungiyoyin ƙwadago suka sa ranar zanga-zanga, gwamnati ta dakatar da shi a Fabrairu tana cewa za ta sake tattaunawa da IMF.

Bawumia ya shiga zaɓen Disamban 2024 a matsayin Musulmi na farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa, kuma mutane da dama sun zaci zango zai bi shi. Ya samu ƙasa da kashi 42, Mahama ya dawo da sama da kashi 56. Ƙuri'un NPP sun faɗo daga miliyan 6.7 a 2020 zuwa ƙasa da miliyan 5, alhali na Mahama ba su ƙaru da yawa ba. A wannan karon magoya bayan NPP ne suka zauna a gida, har a jihar Ashanti.

Mahama ya gaji shirin IMF da bashin ɓangaren makamashi na biliyoyin daloli. A Mayun 2025 kuɗin wuta ya tashi da kashi 14.75. A Yuni majalisar da NDC ke da rinjaye a cikinta ta amince da ƙarin sidi ɗaya a kan kowace litar mai domin sayen man tashoshin wuta da rage bashi, aka fara karɓa a Yuli. 'Yan adawa suka raɗa masa suna harajin dumsor. A wannan shekarar kuma gwamnati ta sake buɗe maganar shigar da 'yan kasuwa cikin harkar ECG, ƙungiyar ma'aikatan kamfanin ta ce ba ta yarda ba, kamar yadda ta ce a 2016.